Zuwa ga Bawana na Kaduna, Mai Rabon Imani Kyauta

Ɗan gwaggo, bawana, ina yi maka gaisuwar ubangida ga yaronsa. Da fatan tumbin yana nan ƙalau, don an ce mini yanzu shi ke riga ka shiga masallaci da taku biyu, har liman ya amsa masa sallama kafin kai ka ƙaraso.

Saƙonka ya same ni. Minti 11 ka ɗauka kana zuba a WhatsApp, ni da sai na tsaya a gindin dalbejiyar ƙofar gida na ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa kafin sabis ya kama. Wallahi har na tuna ƙarshen 2021, lokacin da gwamnati ta katse mana layukan waya makonni da sunan tsaro. Kowa ya sha wuya, amma ni na samu hutu guda, ba na jin muryarka. Da na ga tsawon saƙon gabana ya faɗi, na ce ko rasuwa aka yi, ko kuma abin da ya fi rasuwa wuyar aukuwa, wato ka tuna da kuɗin buhun masarata na bara waccan. Ashe wa'azi ne. Wai ka gano abin da ya shige wa malaman zaure duhu: mutumin da ya ce babu Allah, wanda ku 'yan boko masu guntun Larabci kuke ce wa mulhidi, ya fi mu imani, tunda sai mai ƙaton imani ne zai yarda duniyar nan ita ta ƙagi kanta. A ƙarshe har na ji tafi. Ko kanka kake yi wa, ko sauro kake kashewa, Allah masani.

Sau biyu na saurara. Na farko don in ji, na biyu don in tabbatar daga bakinka ta fito, domin na san kan nan naka tun muna satar mangwaro, bai taɓa haifar magana mai kai da gindi irin wannan ba. Ai kuwa hasashena bai faɗi ƙasa ba. Gwanjo ce, irin ta Kasuwar Barci. Wasu Kiristoci biyu 'yan Amurka, Norman Geisler da Frank Turek, su suka fitar da littafi a 2004, sunan littafin kaɗai ya ƙunshi wa'azinka gaba ɗaya: wai imaninsu bai yi yawan da za su iya zama mulhidai ba. Shekara ashirin da ɗoriya rigar tana yawo, ta sha wanki ta koɗe, kai kuma ka tsince ta, ka fesa mata turare, ka fito mana da ita a matsayin ɗinkin Sallah.

Aron bai dame ni ba, kowa na yi. Ni ma hular da na je ɗaurin aurenka da ita ta aro ce. Abin da ya dame ni, wuƙar ta wajen kaifi ka kama. Koma ka saurari kanka. In ka ce wa abokin gardama "ai kai ma imani gare ka, ka ma fi ni", me kake nufi da imani a nan? Yarda da abin da ba shi da hujja kake nufi, gori kake yi masa da kalmar. Kamar mai tallan fura ce ta fusata da maƙwabciyarta ta ce, "ke ma ai furarki ta yi tsami, ta ma fi tawa." Ta dai rama, amma duk wanda ke tsaye a wurin ya ji da kunnensa cewa tata ma ta kwana. Shi mulhidin abin da yake so ka amsa ke nan tun farko, cewa imani rufe ido ne a haɗiye. Ka amsa masa, ka haɗa masa da tukuici, ka koma gida kana tafi.

Musun Allah ɗungurum baƙo ne a ƙasar nan. Kakannin kakanninmu da suka yi yanka a gindin duwatsu, da Maguzawan ƙasar Kano da Katsina, ba su ce babu Allah ba. Sun dai ɗauka yana nesa, iskoki kuwa ga su nan a tsamiyar bayan gari, su ake lallaɓawa. Shi ya sa da baƙon ya zo muka rasa tabarmar da za mu shimfiɗa masa. Na san wanda ya tayar da zancen a majalisarku ta masu shayi: Mubarak Bala, injiniyan nan ɗan Kano da ya fito fili ya ce ya bar addini. A 2014 danginsa suka kai shi sashen masu taɓin hankali na wani asibiti a Kano. A Afrilun 2020 aka kama shi a nan Kadunar taku saboda abubuwan da ya rubuta a Facebook, aka wuce da shi Kano. A Afrilun 2022 babbar kotun jiha ta yanke masa shekara 24 bayan ya amsa tuhumar, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da su biyar a 2024. Abin da ya rubuta bai yi mini daɗi ba, ba kuma zan maimaita shi ba. Amma dubi yadda muka yi ta juya mutum guda kamar waina a tanda: da fari mahaukaci, daga baya mai laifi, yau kuma ga ka ka naɗa masa rawanin sarkin masu imani. Cikin ukun na tabbata naka zai fi ba shi haushi. Kuma ko ɗaya ba ta amfani yaron da ke kwance ƙarfe biyun dare da waya a hannu, yana yi wa kansa irin tambayoyin nan, ya rasa wanda zai faɗa wa.

Bari in kawo maka misalin gida, tunda ka daɗe ba ka zo ba har ka manta kamanninsa. Dajin Kamuku da ke bayanmu, wanda aka keɓe tun 1936 zamanin En'e, gwamnatin tarayya ta mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, ya miƙa har ya haɗe da Kuyambana ta Zamfara. An san shi da giwaye. To, ka zauna a teburin mai shayi ka tambayi mutum uku ko da sauran giwa a ciki yanzu. Na farko tsohon maharbi ne, zai ce akwai. Bai ga giwar ba, amma ya ga kashinta da ɗuminsa, ya ga reshen da aka karya a inda hannun mutum ba ya kaiwa. Na biyu zai bugi tebur ya ce babu ko ɗaya. Na uku zai kurɓi shayinsa ya ce shi dai bai gani ba, labarin maharbin kuma bai shige shi ba.

Allah ya fi ƙarfin misali, ina neman gafararsa, amma ka lura da kyau. Na biyun nan ya ɗora wa kansa kaya. Wanda ya ce babu a daji irin wannan, sai ya faɗa mana ranar da ya zagaye shi kurmi-kurmi, a zamanin da ko mai bindiga sai ya yi shawara kafin ya kutsa. A kan irinsa maganarka tana da ɗan ƙamshin gaskiya, na ba ka wannan, ka riƙe, ba kullum nake kyauta ba. Na ukun fa? Bai ɗauki komai ba, hannunsa na aljihu. Da yawa cikin masu kiran kansu mulhidai a inuwarsa suke fakewa, masu cewa abin ma ba ya sanuwa kuwa tun 1869 wani Bature ɗan Ingila, Thomas Huxley, ya raɗa musu suna na daban. In ka ce wannan na ukun yana da imani, daidai yake da ka ce wanda bai je gona ba bana shi ma manomi ne, rashin noma ya shuka. Da haka abin yake da kai ne sarkin noman danginmu, shekara goma sha biyar kana girbe rashin noma ba fashi.

Su ma suna da nasu misalin, na shayi ne kuwa, shi ya sa na san zai shige ka. Bertrand Russell ne ya kawo shi a 1952. Ya ce a ƙaddara wani ya yi da'awar akwai butar shayi tana kewaya rana tsakanin duniyarmu da duniyar Mas, ƙarama ƙwarai har ba madubin hangen nesan da zai gano ta. Ba mai iya ƙaryata shi, amma wannan bai wajabta wa kowa yarda ba, mai da'awa shi ke kawo shaida. Ko alƙalin kotun shari'a ta garinmu zai sa hannu a kan wannan ƙa'ida, don a fiƙihunmu ma kawo hujja aikin mai ƙara ne. Inda na rabu da Russell, butarsa ba ta bar sawu ba. Ba wanda ya taɓa tashi da safe ya tarar da wani abu a tsakar gida da sai da buta a sama zai fahimtu. Maharbi kuwa kashi ya taka, dole wani abu ne ya yi shi. Mu ma ga sama ga ƙasa, ga ƙwayar masara guda da nake binnewa da faɗuwar damina, in dawo da kaka in ɓanye ɗaruruwa jere reras kamar haƙora. Tambayar "daga ina" tana nan zaune daram, ko an so ko an ƙi. Shi ya ce dokokin halitta sun isa amsa, ni in ce wa ya kafa dokar. Ya ce to wa ya yi wanda ya kafa, in ce ai dole jerin ya tsaya wani wuri. Ya ce to ya tsaya a kan duniyar mana, ya huta. A nan ake kwana tun zamanin Girkawa, kuma ba a majalisarku za a wayi gari ba.

Ka tuna zuwanka na ƙarshe, shekarar auren ƙanwarka? Ni na je har Mando na ɗauko ka, don ka ce ba ka iya hanyar kai kaɗai. Daga Kaduna zuwa nan kilomita 120 ne da 'yan kai, amma a shekarun nan a zuciya sun fi tafiyar Makka a ƙasa nisa. Har Buruku ana hira, ana musun ƙwallo, kana cin gyaɗar wata baiwar Allah ba tare da ta yi maka tayi ba. Muna wuce Buruku motar ta yi tsit. Direba ya kashe rediyo. Ba ka jin komai sai ƙarar carbi da motsin leɓe. Idon direban ba ya kan ramuka, yana kan ɗaya hannun titi. In mota ta taho ya ɗaga mata fitila, ta amsa, mu sauke numfashi. Da muka yi kamar minti goma ba mu gamu da ko babur ba, sai ya gangara gefe, gab da Udawa, ya kashe mota ya ce ba inda za shi. Bai ga kowa ba fa. Rashin ganin ne ya tsayar da shi, domin a inda ya kamata a ga mota, shirun hanya ma labari ne. Muna nan tsaye tayar wata tirela ta fashe a bayanmu. Kafin in waiga ka shige ƙarƙashin kujera, da tumbin da komai, abin da har yau masana suka kasa gano yadda ya yiwu, kana kalmar shahada kana gauraya ta da kiran sunan gwaggo.

Na kawo direban nan ne saboda hujjar da ta fi kowace nauyi a hannun mulhidi irin tasa ce, kai kuwa ko kusa da ita ba ka je ba a minti 11 ɗinka. Mai hankalinsu ba ya cewa na leƙa sama ban gani ba. Abin da yake cewa, a inda ya kamata in ga ɗauki, shiru na ji. Zai tambaye ka labarin Gwaska, Mayun 2018, da aka shiga aka kashe mutum fiye da 40. Zai tambaye ka 7 ga Maris 2024, ranar da aka kora 'yan makarantar Kuriga cikin daji kamar garken tumaki. Irin wannan tambaya ba a amsa ta da tafi. Malamai suna da amsoshi: jarrabawa, da zaɓin da aka bar wa ɗan Adam, da hisabin da ke gaba, ni kuma na yarda da su. Amma na zauna zaman makoki a gidan da aka fitar da gawa uku rana ɗaya, na ga bakin malamin ma ya yi nauyi, yana ta juya carbi yana kallon ƙasa. Wadda ta yi magana tsohuwar gidan ce. Ta ce a miƙo mata buta, la'asar na wucewa. Ta yi alwala hannunta na rawa, rabin ruwan na zuba a zaninta, ta dafa bango ta miƙe, ta tayar da salla. Ban san sunan da littafin Amurkawanka zai ba wannan ba. In kuwa ka ce shi ne abin da mai musun Allah yake da shi, har ma ya fi ta, to ka zo ka faɗa a gabanta, ni zan riƙe maka takalmi.

Abin da kowa ke da shi, mumini da mulhidi, sunansa yarda, Bahaushe kuwa bai taɓa zuba su a kwano ɗaya da imani ba. Ka damƙa wa direban nan ranka ba ka duba lasisinsa ba. Kana haɗiyar ƙwayar hawan jini ba ka san abin da aka dama a ciki ba. Samarin da ke haƙar zinare a ramukan Bugai suna nutsewa ƙasa gaba da gaba, da fitila ɗaure a goshi, a kan maganar wani da ya ce ya ga alama. Ko mai taƙamar sai abin da idonsa ya gani, ai ya yarda da idon ne ba tare da ya taɓa kai shi kotu ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, shi ya kai nasa. Ya lura ido na nuna maka inuwa tsaye cak, ka dawo an jima ka tarar ta matsa. Yana nuna maka tauraro kamar tsabar kuɗi, alhali lissafi ya ce ya fi duniya girma. Kusan wata biyu ya yi yana fama da ciwon kokwanto, shi da kansa ya rubuta, ba kuma wanda ya kai shi asibiti.

Yarda kam mu ne malamanta yanzu. Tun ƙarshen Nuwamban 2024 da Gwamna Uba Sani ya zo garin nan ya karɓi tubabbun 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar kara bayan ta yi shekaru a rufe, a kanta muke zaune. Na tsaya a karar nan na ga mutum yana cinikin sa da wanda yake kyautata zaton shi ya kore masa shanu, dillali na tsakani yana ta "albarka", kowannensu na murmushi da rabin baki. An koma gonakin da aka bari har suka zama daji. Amma yarda ce ta ido ɗaya a buɗe, kullum safiya ana auna ta kamar farashin masara. In an ji ɗuriyar harbi wajen Kuyello ko Randagi ta sauka, in an yi wata guda lafiya ta hau. Da mudu ake ba da ita, in an janye ta kuma ba a yi saɓo ba.

Imani, a Larabcin da muka aro shi, uwa ɗaya uba ɗaya suke da amana da aminci. Mai shi kaya ya ɗauka. Shi ke tayar da shi da asuba cikin hunturu, shi ke hana shi tauye mudu a inda ba mai kallo, shi ke sa ya biya taubashinsa kuɗin masara. Amsa cewa akwai Mahalicci kawai ba ta kai nan ba. Antony Flew, malamin falsafa ɗan Ingila, ya yi shekara wajen hamsin yana sahun gaban masu musu, a 2004 ya ce hujja ta rinjaye shi, akwai wanda ya tsara duniya. Bai shiga coci ba, bai shiga masallaci ba, har ya mutu a 2010 bai yarda da tashi bayan mutuwa ba. Kai, Iblis ma yaushe ya taɓa musun samuwar Allah? Sani dai ya san shi, umarni ne ya ƙi bi.

Ga kuma abin da zaman Kaduna ya mantar da kai. A garin nan in ka ji an ce "mutanen nan ba su da imani", ba wanda hankalinsa zai je kan masu karanta Russell. Ana nufin wanda ya ɗaure tsoho da igiya a rana, wanda ya karɓi kuɗin fansa ya ce sai an ƙaro babur, wanda ya sa wa manomi haraji kafin ya shuka ya sake sa masa kafin ya girbe. Rashin imani a bakinmu rashin tausayi ne, ko yaro ya sani. Gwaggo ma in ta ga ana jibgar jaki fiye da kima abin da take cewa ke nan, kuma ta sha faɗa maka shi lokacin da kake cinye tuwon ƙannenka. Waɗannan mutane kuwa ba mulhidai ba ne. Wani maƙwabcina da ya yi kwana arba'in da wani abu a hannunsu ya ce ranar da aka kawo kuɗinsa, yaron da ke ƙirgawa sai da ya yi bisimilla, damtsensa cike da layu har ba ka ganin fata. Da ya gama ya dube shi ya ce, "Baba, ka sa mu a addu'a." Maƙwabcin nawa ya ce ya sa su, bai dai faɗa mini wace iri ba.

Sai ɗaya ɓangaren, 'yan Ansaru, waɗanda suka ɓalle daga Boko Haram a 2012, daga baya suka zo suka yi sheƙa a gabashin ƙasar nan, wajajen Damari. Su kam imani a bakinsu kamar goro. Da wa'azi suka shigo, da alkawarin kare mutane daga ɓarayin daji, kafin a ankara sun hana harkar siyasa a ƙauyuka gabanin zaɓen 2023. Tsakanin mai laya da mai wa'azi muka yi shekara goma da wani abu, ban taɓa jin an ce wani mai musun Allah ya tare hanyar Funtuwa ba. Ba yabon su nake ba. Mai yiwuwa dai ba su da yawa ne, ko kuma duk matsorata ne irinka.

Wannan ɗabi'a ta auna imanin mutane da sikelin gardama ba yau aka fara ta ba. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo akwai ɗaliban tauhidi da suka haddace hujjojin littattafai irin na Sanusi, mutumin Tilimsan, suna tare talakawa suna yi musu jarrabawa. Wanda ya kasa jero dalilai su ce kafiri ne, ba a cin yankansa. Shehu ya yi ta rubutu yana yi musu raddi, yana kare imanin gama-garin mutane, irin tsohuwar nan mai buta. Su sun ƙwace daga hannun masu shi, kai kuma kana bi gida-gida kana raba wa waɗanda suka ce ba sa so. Da ka riski zamanin, ban san sahun da Shehu zai sa ka ba, na dai san wanda za ka sa kanka, na masu jiran akushi.

Maganar kuɗin shara da ka saƙala a minti na 11, kana zaton gajiya ta hana ni kaiwa nan, na ji ta. Watan Cika-ciki ya zagayo sau huɗu ba ka zo ka share ƙofar gidan ubangidanka ba, amma kana so in turo ta banki. Ba a shara ta waya. Kuɗinka na nan, na shekara huɗu cif, na ƙulle su a tsumma na tura ƙasan buhuna a ɗakin hatsi. Ba zan turo maka hoto ba, ba kuma zan rantse ba. Ka kai wa majalisar shayinku su yanke ko me ake kiran abin da zai ɗauko ka daga Kaduna a kan maganata kaɗai. Motoci na tashi daga Mando tun da sassafe, hanya ta yi dama-dama, kawunka na tambayar ka kullum. In za ka zo ka taho da tsintsiya da kuɗin buhuna, ka kuma biya kujerar gaba, don direbobin yanzu duk sun cika ƙarƙashin kujerun baya da kaya.